Kunyar Tayi: Nasiha ga Samarin Boɗinga da Shagari Game da Sayen Babbar Mota

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, samarin Boɗinga da Shagari da ƙauyukan da ke kewaye da su, Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku fi iyayenku ilmi da arziki. Na sani sarai wanda duk ya ga kan wannan magana daga cikinku zai tambayi kansa, ina ruwan mai neman kuɗin taki, ko kuɗin rajistar makaranta, ko babur ɗin da zai yi kabu-kabu da shi, da cinikin motar da farashinta ya isa a gina unguwa guda har a haƙa mata rijiya? Jawabin kuwa shi ne, a ƙasarmu ba kasafai mai dukiya yake tafiya Abuja ko Kano ko Ikko da ƙafarsa don sayen mota ba, sai dai ya tura ɗansa, ko ɗan ƙanensa da ya yi boko, ko yaron gidansa da ya amince da shi, domin su ne suka iya karanta takardun Turanci, su ne kuma suka iya bincike a waya. Saboda haka sau da yawa dukiyar dattijo tana hannun saurayi a daidai sa'ar da za a tsare ta ko a yi asararta. Wanda kuma Allah Ya nufa da wadata nan gaba, gara ya koyi wannan babi tun aljihunsa yana wofi, gama ranar da kuɗi suka zo masu ba da shawara sukan yi yawa, masu gaskiya a cikinsu kuwa sukan yi ƙaranci.

Wanda ya daɗe yana zama a bakin titin nan da ya fito daga birnin Sakkwato ya ratsa Boɗinga, ya bar Yabo a gefe, ya bi ta Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, ya ga yadda kowane zamani yake zuwa da motarsa. Akwai lokacin da Fijo ce sarauniya, tun daga 1975 da aka fara harhaɗa ta a Kaduna, balle bayan da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikin Marsandinsa ran 13 ga Fabrairu 1976, sa'ad da gwamnatin soja ta ɗauki tafarkin tsuke bakin aljihu ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. Da mulki ya komo hannun farar hula a 1979, ɗan wannan yanki namu, Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, Allah Ya jiƙansa, ya hau kujerar shugabancin Nijeriya, sai Marsandi ta dawo da ƙarfinta, har mutanen Kudu da na Arewa suka riƙa kiran wani babban samfurinta da sunansa, alhali shi kansa, wanda ya fara da malantar makaranta, ba a san shi da tara abin duniya ba. Yau kuwa zamanin Land Cruiser ne da Prado da Lexus, motoci masu tsayin ƙafa waɗanda ramukan hanyoyinmu suka ba su daraja fiye da abin da masu ƙera su suka yi zato.

Ba zan tsaya ina muku wa'azi a kan ko ya dace Musulmi ya zuba dukiya mai yawa haka a kan abin hawa ba. A Boɗingan nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da yayansa, Shehu ɗan Fodiyo, yake Sifawa, kuma sananne ne cewa tun kafin haka ya taɓa barin rundunar jama'a ya nufi gabas da niyyar hijira, har sai da mutanen Kano suka tsai da shi, saboda ƙyamar yadda ya ga zukata sun karkata ga dawakan ado da manyan riguna. Wanda ya tashi a garin irin wannan malami ba ya bukatar ni in tuna masa da zuhudu. Amma halal dai halal ne, kuma abin hawa mai kyau yana cikin ni'imomin da ake gode wa Allah a kansu. Abin da shari'a ta hana shi ne tozarta dukiya, kuma biyan abu fiye da ƙimarsa don jahilci ko don alfahari yana cikin tozartawa, ko da abin da aka saya ɗin halal ne tsantsa.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, mafi tsadar abin da mutum yake shiga da shi gidan sayar da manyan motoci ita ce kunya. Za ka ga Alhaji wanda in ya je sayen ragon layya sai ya shafa gadon bayansa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya taya rabin abin da aka sa masa, a ce albarka ya juya ya tafi, a aika yaro ya kirawo shi, har la'asar ta yi ana ja-in-ja a kan naira dubu biyar. Amma shi ɗin nan, ranar da aka shigar da shi ɗaki mai sanyi, aka zaunar da shi a kujerar fata, aka kawo masa shayi, wani matashi mai tsaf-tsaf ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai irinku ba a ciniki da ku," sai harshensa ya yi nauyi, ya ga kamar neman ragi zubar da girma ne, ya biya abin da aka faɗa ya fito yana murmushi. Masu wannan sana'a sun san haka tun kafin a haife ku, kuma sanyin ɗakin da shayin da kirarin duk an lissafa su a cikin farashi. In haka ke samun dattijo, ina ga saurayin da aka aiko, wanda yake tsoron kada a ce daga ƙauye ya fito, yake kuma son a ga cewa gidansu ba a kukan kuɗi?

Ku sani neman ragi ba ƙasƙanci ba ne, kuma wanda ya fi kowa girma ya yi ciniki. Ya tabbata a ingantattun littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taya raƙumin Jabir ɗan Abdullahi suna kan hanyar komowa Madina, Jabir ya ƙi da farko, sa'an nan suka daidaita, har ya gindaya sharaɗin zai hau shi zuwa gida. Da suka isa aka biya shi, aka ƙara masa, aka kuma mayar masa da raƙuminsa kyauta. Malamai sun ciro hukunce-hukunce masu yawa daga wannan ƙissa, amma wanda ya shafe mu a nan shi ne cewa ciniki babi ne, kyauta kuma wani babi ne dabam, kowanne da lokacinsa. Mai son ya nuna karamci ga yaran gidan mota sai ya gama cinikinsa tukuna, a rubuta, sa'an nan ya sa hannu a aljihu ya ba su abin da ransa ya so, ya samu lada da godiya. Amma miliyoyin da aka ɗora masa a ɓoye babu lada a cikinsu, babu ko godiya, sai dariya bayan ya fita.

Akwai wata mas'ala a mazhabarmu ta Malikiyya wadda ya kamata kowane mai shiga kasuwa ya haddace. Maganar da ta shahara ita ce, wanda ya sayi abu da tsada mai yawa ta hanyar tayi da sallamawa, ba a ɓoye masa aibi ba, ba a yi masa ƙarya ba, ba shi da ikon mayarwa don kawai daga baya ya gane an yi masa gabnu, sai fa in ya kasance ya miƙa wuya tun farko, ya ce wa mai kaya shi bai san farashi ba, a sayar masa yadda ake sayar wa mutane, mai kayan kuwa ya ci amanarsa. Ma'ana, shari'a ta ɗora wa baligi mai hankali nauyin sanin abin da zai saya, ba ta yi alkawarin ceto shi daga sakacinsa ba. Saboda haka rabin ciniki a gida ake yin sa, a Boɗinga ko a Shagari, kafin a hau hanya. Ka tsai da irin motar da ake so ƙwaƙƙwaran tsayarwa, da shekarar ƙirarta, da girman injinta, da ko mai shan fetur ce ko gas, da darajarta a cikin danginta, domin Land Cruiser mai harufan GXR da mai VXR suna ɗaya gare su, amma tsakaninsu akwai kuɗin da zai sayi wata motar. Sa'an nan ka nemi farashin wannan ɗin dai, ba 'yar'uwarta ba, a rubuce, daga gidaje dabam-dabam a garuruwa dabam-dabam, ta yadda ranar da ka zauna gaban mai sayarwa, takardun abokan gasarsa suna cikin aljihunka, kuma ya san suna nan.

Ya kamata kuma ka san daga ina farashin nan ya taru, don ka bambance wurin da ake iya matsawa da wurin da ba ya motsi. Motar da aka ƙera a Jafan ko Jamus da kuɗin waje aka saye ta, aka biya jirgin ruwa ya sauke ta a Apapa ko Tin Can, kwastan suka karɓi harajinsu da sauran tare-taren da gwamnati take sauyawa daga shekara zuwa shekara, aka ɗora harajin sayayya na kashi 7.5 cikin ɗari da ake karɓa tun Fabrairun 2020, aka biya masu fito da kaya, aka biya babbar motar da ta ɗauko ta zuwa Arewa. Waɗannan duka ba a hannun mai gidan mota suke ba, kuma wanda ya tsaya yana jayayya a kansu ya nuna bai san inda ya dosa ba. Abin da yake hannunsa shi ne ribarsa, da la'adar da ya ware wa dillalai, da kuɗin ƙananan kayan ƙawa da yake liƙa wa mota ya ninka farashinsu, da kuma, wanda ya fi duka girma a wannan zamani, farashin dalar da ya yi lissafi da shi. Kun ga abin da ya faru da idonku: kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Tun daga lokacin aka samu wata al'ada, in dala ta tashi mai mota ya ce dole ya sayar da farashin yau don ya iya sayo wata, in kuwa ta sauka ya ce ai shi da tsada ya shigo da ita. Ba laifi ba ne ka tambaye shi cikin ladabi, da wane ma'auni ɗaya yake awo, ka kuma nemi ya nuna maka takardar kwastan, wadda a jikinta akwai ranar da aka biya da adadin da aka biya.

Wannan rana da ke jikin takarda tana da wani amfani da yawancin masu saye ba su lura da shi ba. Da yawa daga masu wannan kasuwanci da kuɗin banki suke juyawa, kuma a Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sukan ɗora nasu a kai. Mu ƙaddara, don misali kawai, mota ce ta naira miliyan 200 aka ciwo bashinta a kan kashi 30 cikin ɗari a shekara: kowane wata da ta yi a tsaye tana cin mai ita miliyan biyar, ko an taya ko ba a taya ba. Allah Ya tsare mu da riba, amma sanin halin da abokin cinikinka yake ciki ba haramun ba ne. Motar da ta yi wata shida ana goge ta kowace safiya, mai ita ya fi ka ƙagara, ko da fuskarsa ba ta nuna ba. Haka kuma idan shekara ta zo ƙarshe, ko sabon samfuri ya fito ya mai da na jiya tsohon yayi, kamar yadda ya faru ga Land Cruiser a 2021. Akasin haka shi ne lokacin da 'yan siyasa suka shigo kasuwa, gabanin zaɓe da bayan rantsar da sababbin gwamnatoci, sa'ad da ake kwasar irin waɗannan motoci da dama-dama da kuɗin da ba guminsu ba; a irin wannan lokaci mai sayen guda ɗaya da kuɗin albasarsa ko shanunsa ba shi da murya, kuma in babu larura, haƙurin 'yan watanni ya fi masa kowace irin iya magana.

Sai maganar sabunta, wadda a nan ne algus ya fi yawa, domin ba duk motar da aka lulluɓe kujerunta da leda ce sabuwa ba. Akwai wadda ta zo ta hannun wakilin da kamfani ya amince da shi a Nijeriya, da garantinta da littafin gyaranta. Akwai wadda ɗan kasuwa ya sayo da kansa daga Dubai ko Amurka, sabuwa ce dal, amma mai yiwuwa in ta samu matsala wakilin nan na gida ya ce bai san da ita ba. Akwai kuma ta uku, tsohuwa wadda aka sauya mata fitilu da hanci da kujeru aka mai da ita kamannin ta bana, kuma masu wannan kwaskwarima sun ƙware ƙwarai. Ta farko da ta biyu duka halal ne a saya, muddin an bayyana, an kuma rage wa ta biyu abin da ya yi daidai da rashin garantinta; ta uku kuwa in an sayar da ita da sunan sabuwa tadlisi ne, wato ɓoye aibi, kuma shari'a ta ba mai saye ikon mayarwa, sai dai mayar da mota daga Shagari zuwa Ikko, ga mutumin da ya riga ya kashe kuɗinka, ya fi sauƙi a littafi. Don haka ka tafi da bakaniken da ka sani, wanda kai za ka biya shi ba mai mota ba. A duba lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, a tabbata wadda ke jikin ƙarfe ita ce a takardar kwastan, harafi da harafi. A duba alƙaluma huɗu da ke gefen taya, waɗanda biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. A sa na'ura a ji abin da kwamfutar motar za ta faɗa game da tafiyar da ta yi. Kuma tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, duk wadda aka ce ta biyo ta Kwatano ko Ƙonni, aka kuma sa mata araha mai ban mamaki, sai a ninka bincike a kan takardunta, domin jami'an kwastan da za su tare ka a hanya ba za su tambayi wanda ya sayar maka ba.

Dillali kuwa ba abokin gaba ba ne, sana'arsa halal ce, kuma nagari a cikinsu yakan san inda mota take da wanda ya matsu ya sayar. Illa dai ka tuna la'adarsa tana ƙaruwa ne da ƙaruwar farashi, kuma a cinikin babbar mota sau da yawa ba dillali ɗaya ba ne, jerin 'yan kayi-nayi ne, wannan ya san wancan, wancan ya san mai makulli, kowa ya ɗora nasa kafin magana ta iso kunnenka. Ka nemi zama da mai kaya ido da ido, ka yanka wa dillalinka ladansa tun farko, adadi sananne wanda ba ya hawa ko sauka da farashi, in ya yiwu ma ka yi masa alkawarin ƙari a kan abin da ya samo maka na ragi, sai ka ga ya koma ɓangarenka. Za ka ji ana cewa, "Wallahi jiya wani Sanata ya taya ta sama da haka, mun ƙi," ko waya ta yi ƙara a gabanka a ce ga mai zuwa da kuɗi yanzu. In gaskiya ne, to, rabonsa ce, Allah Ya sanya alheri. In kuwa ƙarya ce, malamai sun riskar da ita da najashi, wato tayin ƙarya don ɗaga farashi, wanda aka hana, zunubin yana kan mai yi, asarar kuwa tana kan wanda ya firgita. A kowane hali jawabinka ɗaya ne, ka yi musu fatan alheri ka tattara takardunka.

Domin ikon tashi shi ne dukan ƙarfin mai saye, kuma wanda ya riga ya sanar da gari cewa ranar Juma'a zai shigo da mota, ko ya ɗaura wa kansa cewa lalle da ita za a ɗauko amarya, ko a je gaisuwar Salla, ya sayar da wannan iko tun kafin ya bar gida. Ka shiga da tufafinka na kullum, kada ka tafi da tawagar abokai masu cewa "kai, wannan ta yi," kada ka faɗi adadin da ke hannunka, kada ka faɗi sunan wanda ya aiko ka in sunan mai nauyi ne. In an faɗi farashi ka nemi a ba ka shi dunƙule, wanda ya haɗa komai har lamba da kai mota inda za a kai ta, don kada a rage maka a gaba a karɓe a baya. Ka yi tayinka a ƙasa da inda kake nufin tsayawa, amma tayi mai hujja wanda za ka iya kafa shi da takarda, ba na wulaƙanci ba, sa'an nan ka yi shiru. Shirun nan yana da nauyi, kuma galibi wanda ya kasa jure shi shi ne yake sakin wani abu. In farashi ya ƙi motsi, sai ka juya ga abin da yake da arha a wurinsa mai tsada a wurinka, kamar gyaran farko da na biyu kyauta, da ƙarin taya, da na'urar bin sawun mota, da ɗauko ta a kan babbar mota har Sakkwato maimakon a ba direba ya taka ta fiye da kilomita dubu. Kada kuma ka yi ƙarya kai ma, ka ce an ba ka a wani wuri da farashin da ba a ba ka ba, kada ka kushe abin da zuciyarka take so, kada ka yi tayi a kan tayin ɗan'uwanka bayan sun karkata ga juna. Hanin da ya hau kan mai sayarwa bai sauka daga kanka ba.

Ka kiyayi harshenka ƙwarai a ƙarshen zama, gama a nan mazhabarmu ta fi wasu tsanani. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad suna ganin masu ciniki suna da zaɓin warwarewa muddin ba su rabu daga majalisi ba, amma Imamu Malik, ko da yake ya ruwaito hadisin da suka kafa hujja da shi a Muwaɗɗa, bai yi aiki da zahirinsa ba saboda bai tarar da mutanen Madina a kansa ba; a wurinmu da zarar ka ce ka saya ya ce ya sallama, ciniki ya ƙullu ko ba ka tashi daga kujera ba. Wanda yake son lokacin shawara ko gwaji sai ya shardanta hiyari, wato zaɓin fasawa, da bakinsa, kuma malamai sun ƙayyade masa muddar da ta dace da kowane kaya, kamar wata guda a gida da kwana uku a dabba, tare da cewa ba a shardanta biyan kuɗi a cikin kwanakin. Haka kuma kafin alƙalami: wanda ake bayarwa a kan in ciniki ya faɗa a lissafa shi cikin kuɗi, in ya wargaje a mayar, babu laifi, amma wanda ake cinyewa in mai saye ya fasa, shi ne urbunin da aka hana a wurin Malikiyya, ko da yake Hambaliyya sun halatta. Wasu rasiɗan da ake bugawa yau a kan na biyun suke, da ƙananan harufa a ƙasan takarda, sai ka karanta kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta akasinsa.

In za a ba da tsohuwar mota a cika kuɗi, a gama cinikin sabuwa tukuna, sa'an nan a buɗe na tsohuwa, domin in aka gwama su sai a faranta maka a ɗaya a yanke ka a ɗaya. Haka in ta banki za a bi, irin bankunan da ba su mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, waɗanda suke sayen mota su sayar maka da riba sananniya ta hanyar murabaha, kada ka ce ai banki ne zai biya ka saki ciniki. Ribarsu a kan asalin kuɗin ake lissafa ta, duk abin da ka bari aka ɗora, za ka biya shi har da ribar da aka ɗora a kansa. Kuɗi kuma ta asusun kamfani za su bi, ba na wani yaro ba, balle dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan abin da ya haura naira miliyan biyar hannu da hannu. A rubuta, a kafa shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani ta shiryar. Kuma kafin duk wannan a lissafa cin motar bayan saye, da inshora ko takaful, da man da aka janye wa tallafi tun Mayun 2023, da tafiyar da za a riƙa yi zuwa inda masu gyaranta suke, don akwai motar da kyautarta ma nauyi ce.

Saura magana ɗaya, kuma ku ta fi shafa, ku da ake aike. Wanda aka ba kuɗi ya sayo wakili ne, wakili kuwa amintacce ne, duk ragin da ya samo na mai dukiya ne har kwabon ƙarshe, ko da iya bakinsa ne ya jawo shi. Za a ja ka gefe, bayan an ga ka iya ciniki, a ce maka, "Malam, nawa za mu rubuta a rasit?" ko a ce akwai naka kason in ka bar farashi yadda yake, a kira shi la'ada ko goro ko kuɗin mai, kuma wanda ya faɗa maka haka ya san cewa da zarar ka karɓa ka daina duba lambar shasi, ka daina tambayar takardar kwastan, ka zama ɗan gidansu a cikin rigar ɗan aike. Ka ce a rubuta abin da aka biya, ka ce kason nan a cire shi daga farashi, ka kira wanda ya aiko ka a gabansu ka faɗa masa adadin. In kana ganin wahalarka ta cancanci lada, kuma ta cancanta, to, wurin Baba ko Kawu ko Alhaji za ka nema, tun kafin ka bar gida, a yanka maka abin da za a ba ka.